Ƙyallen Jirgin da Na Rina da Bagaruwa

Akwai ɗinki guda da na yi a rayuwata wanda da Allah zai mayar da ni baya, hannuna ba zai taɓa shi ba. A Makka na yi shi, garin da mutum ke zuwa neman gafara. Tun da na dawo Yelwa mutanen bakin ruwa ba su bar ni na huta ba. Duk wanda ya kawo ɗinki sai ya zauna a benci ya ce, "Alhaji Haruna, wai da gaske ne ruwan can ba a shansa? Wai jirgi yana gudu ba mai tuƙi?" Ina ba su labari, ana dariya, amma kullum in na zo wani wuri sai in tsallake. Yanzu da na koyi boko a ajin yaƙi da jahilci, zan rubuta shi duka, har da wurin da nake tsallakewa.

Na bar gida bayan an gama babban yaƙin Turawa, shekarar da matata ta rasu. Ba mu da ɗa, ba abin da ya riƙe ni. Ubana matuƙin jirgi ne a kogin Kwara, a cikin ruwa na tashi, amma ɗinki aka sa ni. Guzurina kan keken ɗinki ne na hannu, na naɗe shi a bargo. Na yi nufin duk garin da kuɗin mota ya ƙare in zauna in yi ɗinki har in sami na gaba. Haka kuwa aka yi. Kano, Maiduguri, Fallomi, Abeshe, ko'ina na zauna a gindin bishiya na ɗinka wa mutanen da ba na jin harshensu riguna. Awo ba ya bukatar tafinta.

A Adre, bakin iyakar ƙasar mulkin Faransa da Sudan, wani dogon soja mai tsage ya ɗaga ƙunshina ya ji ƙarfe a ciki. Ya yi tsalle baya ya daka tsawa, mutanen motarmu suka watse, wata tsohuwa ta shige ƙarƙashin mota tana salati. Aka kira Bature. Ya tsaya daga nesa ya yi mini alama in kwance. Da ya ga keke ne sai ya yi ta dariya har ya riƙe ciki, ya shiga ɗaki ya fito da wandonsa da ya yage a gindi. Na ɗinke. Shi ke nan na jawo wa kaina, don duk barikin sai da suka kawo tsummansu. Motarmu ta tafi ta bar ni. Ladana kifin gwangwani da wani burodi mai tauri da sai an jiƙa shi a shayi.

Sudan ƙasar shayi ce. Abincinsu kisira, wata siririyar waina mai tsami, da miyar busasshiyar kuɓewa. Abin da ya ba ni mamaki, mu a gida a zaure ake cin abinci, su kuwa a bakin titi suke shimfiɗa tabarma, kowane gida ya fito da farantinsa a haɗa, kuma in ka zo wucewa ba tayi za a yi maka ba, hannunka za a kama. A Fashir da Madani na tarar da Hausawa unguwa-unguwa. Wani dattijo da aka haifi ubansa a nan, na tambaye shi ko shi mutumin garin ne, ya ɓata rai ya ce, "A'a, mu muna kan hanya ne."

A Sawakin, bakin bahar, aka tsare mu a karantina, wato wurin da ake killace matafiya bayan waya a yi musu allura. Wani daga cikinmu ya fito da ƙuraje, saboda haka aka ƙi sakinmu. Muna bayan wayar nan labari ya zo cewa an hau Arfa. Wani tsoho daga Haɗeja da ya yi shekaru a hanya ya zauna ƙasa ya rufe fuska da rawani, kafaɗunsa suna rawa. Da aka sake mu, da yawa suka koma gonakin auduga su jira baɗi. Ni na ce gara in yi jiran a Makka. Na shiga jirgin hayaƙi da zai je kwaso alhazai.

A Jidda babban jirgi ba ya iya zuwa gaɓa, don akwai duwatsu masu kaifi kwance ƙarƙashin ruwa, su suna ce musu sha'ab. Can nesa yake tsayawa, ƙananan jiragen katako da ake kira sambuk su zo su ɗebi mutane da kaya. Ba tuƙa su ake da hannu ba. Ƙaton ƙyalle ake ɗaurawa a doguwar sanda, iska ta cika shi ta tura jirgin. Sunan ƙyallen shira.

Ana zura kayanmu da igiya, ƙunshina ya zame. Ina kallo ya bugi gefen sambuk ya faɗa ruwa. Na yi ihu da Hausa, "Wayyo Allah, kekena!"

Mai sambuk ɗin, wani baƙi mai faɗin ƙirji, ya ɗago kai ya ce, "Ya hajji, esh a ciki?"

Na ce, "Keken ɗinki. Abincina ne."

Nan take ya tuɓe riga ya faɗa ruwa. Ya daɗe. Ya fito ya shaƙi iska ya sake nutsewa. Da ya fito karo na biyu jini na zuba daga hancinsa. Ya kama gefen jirgi ya ce, "Ma'alesh, ya akhuya. Bahar ya ci."

Wannan shi ne Rayyis Usman. Rayyis ake ce wa shugaban jirgi. Ubansa mutumin Argungu ne da ya zo hajji da ƙafa bai koma ba, shi kuma a Makka aka haife shi. Hausarsa rabi Larabci ce. Ya ce tunda a jirginsa abincina ya nutse, ba ni da masauki sai gidansu. Ba laifinsa ba ne, igiyar ma ba tasa ba ce, amma ya ƙi saurarona.

Ba zan yi ƙoƙarin faɗin abin da na ji da na ga Ka'aba ba. Usman ne dai ya riƙe ni muka yi ɗawafi.

Gidansu yana bayan gari, wajen Ka'akiyya, inda talakawanmu suka yi bukkoki da gwangwanin kananzir da aka buɗe aka miƙe, da buhuna. Uwarsa, Inna Kulu, tana soya gyaɗa tana sayarwa. Ta dube ni ta ce, "Kai ɗan ina na?" Na ce Yawuri. Ta ce, "To ai gida na. Shigo, ɗana." Ina da ɗan ragowar daddawa da na ɓoye tun daga Kano, na ba ta. Ta shinshina, ta juya baya ta daɗe ba ta waigo ba. Ranar muka ci tuwon shinkafa da miya irin ta gida. Sauran kwanaki kuwa wake ne da suke kira ful, da faffaɗan burodi, safe da yamma.

Usman yana kwana Jidda wajen aiki, yana zuwa gida lokaci-lokaci. Shi ya ba ni labarin tserensu. Ya ce a zamanin ubansa, da an hango jirgin alhazai sai sambuk duka su ruga, suna karo da juna a gindin tsani, ana dukan juna da sanda, har alhazai suna faɗawa ruwa. Sai dattawan sana'ar suka yanke cewa sau ɗaya a shekara, kafin jiragen alhazai su fara zuwa, a yi tsere. Yadda aka iso a tseren, haka za a bi layi duk kakar. Na gaba shi ke fara ɗiba a kowane jirgi, ya sami manyan baƙi da kayansu. Na baya sai abin da ya rage, wani lokaci ba komai.

Na ce, "To ai mai kuɗi sai ya sayi babban ƙyalle ya wuce kowa."

Ya yi dariya ya ce, "La, ya Haruna. Shehun matuƙa shi ke sayo yadin, iri ɗaya, a raba wa kowa. Mai jirgi goma da mai jirgi ɗaya, yadi wahid. Tsawon sanda ma da igiyarsa yake aunawa. Ranar tsere rayyis ake son gani, ba aljihu ba."

Na ce mu ma a Yawuri haka ne, in ana tseren jirage ba mai sa wa nasa mutum fiye da na wani. Ya ji daɗi ƙwarai, ya ce wa uwarsa, "Kin ji, Inna? Ashe a wajenku muka gado." Shekaru da yawa Usman bai taɓa fita daga na gaba-gaba ba, da tsohon jirgin da ubansa ya bar masa. Yana duban fuskar ruwa ya san inda iska za ta biyo kafin ta zo. Da wannan yake ciyar da uwarsa da matarsa da gidajen mutanen da ke aiki a jirginsa.

Ni kuwa na koma ɗinkin hannu. Ina zama a ƙofar kantin wani attajiri a unguwar Zahir, Shaihu Abbas, mai sayar da yadi, jikan wani Bakano ne. Mutumin da ya saba da keke, in ya koma allura, kamar an ɗaure masa hannu ɗaya ne. Ina gani telolin Indiya suna kwashe aiki, ni ina fama da bakin riga guda tun safe. Na ƙosa. Ban faɗa don in wanke kaina ba, na faɗa don ku san halin da Shaihu Abbas ya same ni.

Wata rana bayan azahar ya kira ni ɗakin sama ya rufe ƙofa. Ya yaye wani mayafi, sai ga keke sabo fil, baƙi, yana sheƙi. Ya ce in gwada. Na juya hannun, na ji ƙararsa, hawaye ya cika mini ido. Sannan ya buɗe akwati ya fito da wani yadi fari wanda ban taɓa ganin irinsa ba. Ba nauyi, kamar ba ka riƙe komai ba. Ya ce in hura. Na kafa baki na hura, iska ta ƙi wucewa. Ya ce daga Masar aka kawo masa da tsada, na laimar da sojan sama ke dira da ita ne. Ya sayi sambuk a Jidda, kuma rayyis ɗinsa kullum a baya yake ƙarewa. Ya ce in na ɗinka masa shira da yadin nan, keken nawa ne.

Na ce, "Shaihu, ai an ce yadi ɗaya ake amfani da shi."

Ya ce, "Dokar tsofaffi ce, ya ustaz. Yadinsu kamar rariya yake, rabin iska ta cikinsa take ficewa. Allah ya kawo abin da ya fi, sai a ce kada a taɓa don wani ba shi da halin saye? Kai da kanka, da keke ya zo ƙasarku, ka ce ba ka so don masu allura za su ji haushi?"

Maganar ta shige ni. Na ce to ya kai wa dattawan su gani mana. Ya ce in ya kai, ko su hana, ko su ce sai an saya wa kowa, to shi me ya ci? Sai ya yi tsaki ya jefa yadin cikin akwati ya ce, "Maganar banza ma muke. Fari ne ƙal, yana walƙiya, daga Makka ma za a hango shi. Ba yadda za a ɓoye."

Da na yi shiru a nan, da magana ta mutu. Shi bai san dabarar ba. Ni ne, don in nuna na iya, na ce, "Akwai bagaruwa a kasuwa?"

A wajen 'yan Sudan masu sayar da magani muka same ta. Na daka, na jiƙa, na dafa, kamar yadda na ga majema suna yi a gida. Na tsoma yadin sau da yawa ina shanyawa a soro har ya mutu, ya yi kalar tsohon ƙyallen da ya sha rana da gishiri. Na ninka shi biyu don ya yi ƙarfi. Na tambayi yadda shehun matuƙa ke dubawa, aka ce sanda yake aunawa, ya shafa gindin shira da hannu tana naɗe. Sai na yi gindin da gefuna duka da yadinsu na doka, sabon kuwa na sa shi a ciki da sama, inda hannu ba ya kai. In an naɗe, ba abin da ke waje sai tsohon yadi. Ban taɓa ɗinki mai kyau irin wannan ba, kuma a garin da ko rafi babu na ɗinka shi.

Inna Kulu ta ga hannuwana sun yi baƙi ta ce, "Mi ya samu hannunka? Jima ka koma?" Na ce jakunkunan alhazai nake rinawa. Ta ce Allah shi yi albarka, ta ƙara mini tuwo.

Na gaya wa kaina cewa jirgin Shaihu zai ɗan matso tsakiya ne kawai, Usman kuwa ba mai kamo shi. Ana jibi tsere Usman ya zo ya ce, "Yalla, shirya. A jirgina za ka zauna. Ɗan kogi ne kai, ka gani da idonka, ka kai wa mutanen Yawuri labari." Na ce ba ni da lafiya. Ya ce iskar bahar magani ce. Na bi shi.

Da hantsi aka jera jiragen kusa da gaɓa. Shehun matuƙa, tsoho mai jan gemu, ya bi su ɗaya-ɗaya cikin ƙaramin kwalekwale da igiyarsa. Ina kallo ya isa jirgin Shaihu Abbas, ya auna sanda, ya shafa ɗinkina, ya gyaɗa kai ya wuce. Za a fita ta ƙofar da ke tsakanin duwatsu, a zagaya wani tsohon jirgi da ya nutse sandarsa na waje, a dawo. Mutane cike da gaɓa. Matuƙa suna ta tsokanar juna. Usman ya ɗaga murya ya ce wa rayyis ɗin Shaihu, "Ya Salim, ka taho da abincin dare? Za ka daɗe!" Aka fashe da dariya. Salim bai ko dubi wajen da nake ba.

Aka kaɗa tuta. Iskar ranar ba ta da ƙarfi. Mutanenmu suna ɗibar ruwa da gwangwani suna watsa wa shira don zaren ya kumbura ya riƙe iska, kowane jirgi haka yake yi. Usman yana riƙe da katakon juya jirgi, idonsa a kan ruwa. Yakan ce, "Ga ta can," ya karkata, sai kuwa iska ta same mu mu kaɗai. Kafin mu kai ƙofa mun bar kowa. Ban da ɗaya. Jirgin Salim yana tafe a gefenmu, shirarsa cike tamkar ciki, ba mai watsa mata ko ɗigo. Ya wuce mu a hankali, kamar mu a ɗaure muke.

Usman ya dubi shirar, ya dubi ruwa, ya dubi tasa. Ya ce, "Subhanallah. Wace iska yake sha wadda ban gani ba?" Ya matsa inda Salim ya bi, bai sami komai ba. Ya koma. Garin neman iskar da babu ita ya yi ta ɓata hanya, har jiragen da muka bari suka kamo mu, wasu suka wuce. Da muka zagaya tsohon jirgin, mun koma tsakiya. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Bai yi fushi ba. Kama ya yi da mutumin da ya shiga gidansu ya kasa gane ɗakinsa.

Akwai wata 'yar siririyar hanya ta cikin duwatsu da ke rage nisa. Ba a hana bi ba, amma ba mai bi sai ruwa ya cika, kuma lokacin ya fara janyewa. Usman ya dube ta. Wani dattijo cikin mutanensa ya ce, "La, ya rayyis. Ruwa ya sauka." Usman ya ce, "In muka ƙare a nan, me za ku kai gida bana?" Sai ya juyo gare ni, ya yi ɗan murmushi ya ce, "Ya Haruna, ka iya iyo, ko?"

Tsakanina da shi bai fi kamu biyu ba. Abin da zan ce kaɗan ne: kada ka bi, ba iska ba ce, yadi ne, ni na ɗinka, mu je wurin shehu. Da an rushe tseren an sake. Da na sha kunya, wataƙila da duka, na rasa keke. Na dubi baƙin hannuwana na cusa su cikin riga, na ce, "Na iya."

Mun kusa fita dutse ya kama mu. Na ji ƙarar katako kamar an fasa ƙatuwar ƙwarya. Jirgin ya kwanta, sanda ta faɗo, ruwa ya shigo. Duka muka fita da rai, don jiragen baya sun bar tsere sun zo ceto. Amma ƙafar Usman ta shiga tsakanin jirgi da dutse. Ni da dattijon nan muka ja shi. Kafin la'asar igiyar ruwa ta gama wargaza jirgin ubansa, yara suna tsintar katako a gaɓa.

Shaihu Abbas ya sami na ɗaya. Ranar nan ya sa aka sauke shirar aka mayar da ta doka, tunda ta gama aikinta, aka dawo da ita Makka cikin akwati. Ba wanda ya sani sai ni da shi da Salim. Mutane suka ce Salim ya yi sa'a, wasu suka ce asiri ne. Shaihu ya ba ni keken. Ya kuma aika wa Inna Kulu buhun shinkafa don jaje, ta yi ta sa masa albarka, ni na ɗauko mata shi a kai.

A wannan hali na yi aikin hajjin da na yi shekaru ina tafiya dominsa. A Arfa mutane suna kuka suna roƙo, ni ma na yi kuka, na roƙi Allah gafara. Amma ko ni da ƙaramin karatuna na san hakkin mutum sai mutumin ya yafe, kuma mutumin yana kwance a Ka'akiyya da karan ɗori a ƙafa.

Ƙafar ta warke a karkace. Ba mai ba gurgu jirgi, balle wanda ya fasa nasa. Mutanensa suka watse cikin jiragen wasu. A Makka ruwa saye ake, abin da ɗan Yawuri ba zai taɓa sabawa da shi ba. Masu kawo shi gida-gida suna rataya garwa biyu a sanda bisa kafaɗa, yawancinsu mutanenmu ne. Wannan aikin Rayyis Usman ya koma, yana hawa tudun Makka da ɗingishi.

Ranar da zan bar garin na ƙudura zan faɗa masa. Na same shi da safe a wurin ɗibar ruwa, yana jiran layi. Ya rungume ni ya ce, "Ka zo daidai. Dubi nan." Ya janye riga, kafaɗarsa ta saɓule, ta yi ja. Ya ce, "Kai da ka sami makana sabuwa, mabruk, ɗinka mini ɗan gammo mana kafin ka gudu." Na koma na kwance kayan da na riga na ɗaure, na ɗinka masa, a kan keken nan, na cusa auduga na kawo. Ya ɗora ya gwada ya ce, "Ya salam! Hannunka akwai albarka."

Muka zauna a inuwar bango. Ya ce, "Ka san, ya akhuya, jirgin bai dame ni ba kamar abu ɗaya. Kullum ina sake tseren nan a kaina. Akwai iskar da Salim ya gani ni ban gani ba. Salim fa! Idona ne ya tsufa ban sani ba. Gara da abin ya zo ranar tsere, da alhazai ne cike a jirgin fa? Allah ya cire ni kafin in kashe bayinsa. Alhamdulillah."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Abin da ya fito shi ne, "Allah ya sa haka ya fi alheri." Ya ce amin. Layinsa ya zo, ya tashi ya rataya garwa, ya ce in na bi ta Argungu in gaida masa duk wanda ya tuna da ubansa.

Dawowa ba ta yi wuya kamar tafiya ba, don keken ya ciyar da ni gari-gari. Shi ne wannan da kuke gani a shagona, wanda kuke yabon ƙararsa. Alhazan da suka dawo bayana sun ce yanzu an yi doguwar gada cikin bahar, manyan jirage suna zuwa har bakinta, sauran aikin kuma jirage masu inji sun karɓe, ba a tsere kuma. Wataƙila Shaihu Abbas ya yi gaskiya cewa sabon abu ba ya tsayawa don wani. Da ya shimfiɗa yadin a gaban dattawa da rana tsaka, ko a hana kowa ko a ba kowa, da ba ni da abin rubutawa. Amma mutanen nan sun shiga ruwa ne da yardar cewa ƙyallensu ɗaya, kuma ni na san ba ɗaya ba ne, ina zaune a cikinsu.

Ƙarfina ya ƙare, ba zan sake ganin Makka ba. Ina roƙon abu biyu. Ku masu sana'ar hannu, in mai hali ya kira ku ɗaki ya rufe ƙofa kafin ya nuna muku aiki, ku tambaya wa za a yi wa, kada daɗin gwaninta ya ja ku yadda ya ja ni. Kuma in kun riga kun yi, ku faɗa tun mutumin yana gabanku, kada ku yi irin shiruna. Na biyu, duk wanda Allah ya kira bana, ya taimake ni ya je wajen Ka'akiyya ya tambayi gidan Inna Kulu mai gyaɗa. In ya tarar da Usman mai ruwa da rai, ya gaya masa duk abin da ke cikin takardar nan, kada ya rage don ya rufa mini asiri. In zai tsine mini, hakkinsa ne. Amma ya fara da wannan: Haruna tela ya ce babu wata iska da Salim ya gani. Idonka bai tsufa ba, ya rayyis.